Tsuke Bakin Aljihu a Birtaniya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Jama'a Suka Ji da Zaftare Kuɗin Ƙananan Hukumomi da Tallafi

Wanda bai taɓa zuwa Ingila ba zai yi wuya ya yarda cewa akwai garin da ake kashe fitilun kan titi da tsakar dare don a rage kuɗin lantarki, ko kuma ma'aikacin da ke da aikin yi amma yake bin layin karɓar abincin sadaka. Duk sun faru, kuma tushen yawancinsu shi ne shirin tsuke bakin aljihun da gwamnati ta fara a 2010. Ga tambayoyin da aka fi yi game da shi.

Wai me ya kai ƙasa mai arziki irin Birtaniya ga tsuke bakin aljihu?

Bankuna ne suka fara ɗebo ruwan dafa kansu. A rikicin kuɗi na duniya na 2008 gwamnatin Labour ta Gordon Brown ta karɓe bankin Northern Rock, sannan ta zuba sama da fam biliyan 45 a Royal Bank of Scotland don kada ya durƙushe, ta kuma tallafi Lloyds. Kasuwanci ya ja baya, harajin da ke shigowa ya ragu, masu neman tallafin rashin aiki suka ƙaru. Kafin a ankara giɓin kasafin shekara guda ya haura fam biliyan 150, wato kusan kashi 10 cikin ɗari na duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara.

A zaɓen watan Mayun 2010 babu jam'iyyar da ta samu rinjaye, sai Conservative ta David Cameron ta haɗa gwamnati da Liberal Democrat ta Nick Clegg. Wani minista mai barin gado a baitulmali, Liam Byrne, ya bar wa magajinsa 'yar takarda yana cewa babu sauran kuɗi. Shi da wasa ya rubuta, amma wasan ya zame wa jam'iyyarsa ƙarfen ƙafa. Har a yaƙin neman zaɓen 2015 Cameron yana yawo da kwafin takardar yana ɗaga wa jama'a.

Nawa aka zaftare, kuma daga ina?

A kasafin gaggawa na watan Yunin 2010 ministan kuɗi George Osborne ya ƙara harajin VAT daga kashi 17.5 zuwa kashi 20, ya kuma dakatar da ƙarin albashin yawancin ma'aikatan gwamnati na shekara biyu. Babbar sanarwar ta zo ranar 20 ga Oktoban 2010: za a rage fam biliyan 81 cikin shekara huɗu, ana hasashen guraben aikin gwamnati kimanin 490,000 za su tafi, sannan za a cire fam biliyan 18 daga kuɗin tallafi idan aka haɗa da abin da aka sanar a Yuni.

Sai dai ba kowa aka aske ba. An ce ba za a taɓa hukumar lafiya ta NHS ba, haka kuɗin agajin ƙasashen waje, kuma an ba 'yan fansho tabbacin ƙari duk shekara. To idan ka keɓe manyan buhuna ka ce ba za a ɗiba daga cikinsu ba, ai ƙananan ne za su yi ta ramewa. Ƙananan hukumomi, 'yan sanda, kotuna da tallafin masu shekarun aiki su ne suka ɗauki nauyin.

Me ya sa aka ce ƙananan hukumomi ne suka fi jin jiki?

Sai an fara fahimtar abin da ƙaramar hukuma take nufi a can. Ba sakatariya ba ce da ake zuwa ƙarshen wata a raba albashi a watse. Ita ce ke kula da tsohon da ba ya iya wanka da kansa, da yaron da aka raba da iyayensa saboda cin zarafi, da iyalin da aka kora daga gidan haya. Ita ke kwashe shara, ta cike ramukan titi, ta kunna fitilu, ta riƙe ɗakunan karatu, wuraren wasan yara da motocin bas na ƙauyuka. Ita ce fuskar gwamnati da talaka ke gani kullum.

Kuɗinta kuwa daga wuri uku yake fitowa: kason gwamnatin tsakiya, harajin gida da mazauna ke biya, da harajin shaguna da kamfanoni. Kason farkon ne aka sa wa wuƙa. Osborne ya ce za a rage shi da kashi 7.1 duk shekara har shekara huɗu, kuma bayan shekara huɗun ba a tsaya ba. A 2018 ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya ce abin da gwamnatin tsakiya ke ba ƙananan hukumomin Ingila ya ragu da kashi 49 cikin ɗari tun daga 2010, idan aka yi la'akari da tashin farashi. Rabi ke nan. A daidai lokacin kuma tsofaffi na ƙaruwa, buƙatar kula da su na hauhawa.

Akwai kuma wata dabara. An hana kansiloli ƙara harajin gida ya wuce wani ɗan kaso sai sun yi ƙuri'ar raba gardama a yankinsu, alhali kowa ya san babu mai fitowa ya zaɓi a ƙara masa haraji. An rage abin da ke zuwa daga sama, an toshe hanyar nema daga ƙasa, sannan aka ce kowace hukuma ita za ta zaɓi abin da za ta rufe, wai an ba ta 'yanci. Ni dai a ganina nan ne wayon shirin yake. Ministan da ya yanke kuɗin yana Landan, amma sunan da ke kan takardar rufe ɗakin karatu na shugaban kansilolin gari ne, shi ne kuma za a tare a bakin kanti a yi masa tas. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba a kuma ji zafin daidai ba. Garuruwan da suka fi talauci, irin su Liverpool, Knowsley, Blackpool, Middlesbrough da wasu unguwannin cikin Landan, su ne suka fi dogara da kason gwamnatin tsakiya, domin gidajensu ba su da tsadar da za a tara haraji mai yawa a kansu. Yankunan masu hali na kudancin Ingila sun ji, amma ba kamar su ba.

A zahiri, me mutumin unguwa ya gani ya canza?

Ba rana ɗaya abin ya zo ba, shi ya sa da yawa ba su haɗa shi da Osborne ba. Yau ka je ɗakin karatu ka tarar an manna takarda a jikin gilashin ƙofa cewa daga yanzu kwana uku za a riƙa buɗewa. Bayan shekara ka dawo ka tarar ma'aikaciyar da ka saba gani ta tafi, wasu dattijai 'yan sa-kai ne ke zaune a teburinta suna fama da kwamfuta. Wata shekarar kuma ƙofar a garƙame, an kafa allon sayar da ginin. Kusan ɗakunan karatu 800 aka rufe a Birtaniya tsakanin 2010 da 2019. Kada mai karatu ya ɗauka maganar littattafai ce kawai. Nan ne marar aiki ke samun intanet kyauta ya cike takardar neman tallafi, nan ne tsohuwa ke fakewa daga sanyi don ba ta iya biyan kuɗin ɗumama gida.

Haka ɗaruruwan cibiyoyin Sure Start na kula da mata da ƙananan yara suka rufe ko suka koma suna kawai. Cibiyoyin matasa suka bi sahu. Bas ɗin da ke shiga ƙauye sau shida ya koma sau biyu. Yawan 'yan sanda a Ingila da Wales ya ragu da kusan 20,000. Mai zuwa gida ta taimaka wa tsoho, a wasu wuraren minti goma sha biyar aka yanka mata: ko ta ba shi magani ta dafa masa shayi, ko ta kai shi banɗaki, ba duka ba.

To ɓangaren tallafi fa, me aka taɓa?

Ministan ayyuka da fansho Iain Duncan Smith ne ya jagoranci wannan, da dokar gyaran tallafi ta 2012. An haɗe tallafi iri shida wuri ɗaya aka kira shi Universal Credit. A takarda abin ya yi ma'ana, amma sabon mai nema sai ya jira mako biyar, da farko ma shida, kafin kuɗin farko ya shigo. Wanda ba shi da ajiya, me zai ci a mako biyar?

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne abin da jama'a suka laƙaba wa harajin ɗakin kwana, wanda ya fara aiki a Afrilun 2013. Gwamnati ba ta taɓa yarda da wannan suna ba, amma shi ne ya bi ta. Idan kana zaune a gidan hukuma kana karɓar tallafin haya, aka ga kana da ɗaki ɗaya da ba kowa a ciki, za a cire kashi 14 na tallafin. Idan ɗaki biyu ne, kashi 25. Aka ce wai mutane su koma ƙananan gidaje. To ina ƙananan gidajen? A garuruwa da yawa babu su. Matar da ta shekara talatin a gida ɗaya, 'ya'ya sun girma sun tashi, sai dai ta rage cefane ta cike giɓin. Da yawa daga waɗanda abin ya shafa masu naƙasa ne, waɗanda a ɗakin suke ajiye keken guragu da na'urorin jinya. Gwamnatin Scotland ta zaɓi ta riƙa biyan giɓin daga aljihunta.

An kuma sa iyaka ga jimillar abin da gida ɗaya zai karɓa a shekara: fam 26,000 a 2013, daga baya aka sauke zuwa 23,000 a Landan da 20,000 a sauran wurare. Daga 2016 zuwa 2020 aka daskarar da yawancin tallafin masu shekarun aiki, farashi na tashi shi yana nan. A Afrilun 2017 kuma aka zo da dokar 'ya'ya biyu: ɗa na uku da aka haifa daga lokacin ba shi da kaso. Wannan ta taɓa manyan iyalai sosai, ciki har da Musulmi da Yahudawa masu riƙo da addini, shi ya sa limamai da malaman coci suka haɗa baki wajen sukarta.

Jama'a sun zuba ido ne kawai?

Ina! Ɗalibai ne suka fara fitowa. Kafin zaɓe 'yan takarar Liberal Democrat sun sa hannu kan alkawarin ba za su yarda a ƙara kuɗin jami'a ba, da suka shiga gwamnati sai ga shi an ninka shi kusan sau uku zuwa fam 9,000 a shekara. Ranar 10 ga Nuwamban 2010 ɗalibai kimanin 50,000 suka cika tsakiyar Landan, wasu suka fasa ginin Millbank inda hedikwatar Conservative take. Ranar da majalisa ta kaɗa ƙuri'a, 9 ga Disamba, masu zanga-zanga suka ci karo da motar Yarima Charles da matarsa Camilla, suka fasa gilashi suka watsa mata fenti.

Sai ƙungiyar UK Uncut, wadda ta zo da salo na daban. Su ba sa zuwa ofishin gwamnati. Shagunan manyan kamfanonin da suke zargi da kauce wa haraji suke shiga su zauna dirshan a ƙasa har a rufe, sun kuma fara da shagon Vodafone a titin Oxford. Hujjarsu mai sauƙi ce: a karɓo abin da ke hannun manya kafin a zo kan gurgu. Ranar 26 ga Maris 2011 haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta TUC ta fito da mutane aƙalla 250,000, ranar 30 ga Nuwamba kuma ma'aikatan gwamnati suka yi yajin aikin gama-gari na kwana ɗaya kan fansho, makarantu da dama suka kasance a rufe.

Abin da ni na fi tunawa ƙarami ne. A gasar wasannin masu naƙasa ta duniya da aka yi a Landan a 2012, an kira Osborne ya miƙa lambar yabo. Da aka ambaci sunansa sai filin wasa ya ɗauke da ihun a-ture. Yana tsaye yana murmushin yaƙe. A lokacin ne ake ta gwajin masu naƙasa don a tantance ko za su iya aiki, kuma kamfanin Atos da ke gwajin yana cikin masu ɗaukar nauyin gasar.

Tarzomar watan Agustan 2011 ma saboda haka ne?

Abin da ya kunna wutar shi ne harbe wani mutum mai suna Mark Duggan da 'yan sanda suka yi a unguwar Tottenham ta Landan. Daga nan ta bazu zuwa Birmingham, Manchester da wasu birane, mutum biyar suka mutu, aka wawushe shaguna. Cameron ya ce tsabar ta'asa ce. Masu suka suka nuna cewa ƙaramar hukumar yankin ta riga ta rufe yawancin cibiyoyin matasanta a shekarar. Wanda ya ce tsuke bakin aljihu ne kaɗai ya jawo ta ya yi azarɓaɓi, domin a lokacin yawancin yankan bai ma fara cizo ba.

In har an yi wannan bore, yaya aka yi Cameron ya sake cin zaɓe a 2015?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci. Masu ihu a titi ba su ne masu rinjaye a akwati ba. Gwamnati ta samu labarin da ya shiga kunnen mutane: ƙasa kamar gida ce, wanda ya ci bashi dole ya ɗaure ciki, kuma Labour ce ta yi almubazzaranci. Masana tattalin arziki da yawa sun ce ƙasa ba gida ba ce, idan gwamnati ta janye hannu lokacin da kasuwa ke kwance sai ciwon ya daɗe. Amma bayanin da ke buƙatar allo da alli bai iya kayar da wanda kowace uwar gida ta gane ba.

Na biyu, yanke tallafi ya samu karɓuwa, ko da masu adawa ba sa son jin haka. An raba mutane gida biyu a bakin 'yan siyasa da jaridu: mai tashi da asuba ya tafi aiki, da maƙwabcinsa da ke barci labule a sauke yana jiran kuɗin gwamnati. Ƙuri'un jin ra'ayi na lokacin sun nuna yawancin mutane suna goyon bayan sa wa tallafi iyaka. Ba a cika faɗin cewa kaso mafi girma na kuɗin walwala fanshon tsofaffi ne ba, ko cewa da yawa daga masu karɓar tallafi suna aiki, albashin ne bai isa ba.

Na uku, tsofaffi sun fi kowa fita zaɓe, su kuma an kare musu fansho. Na huɗu shi ne wanda na ambata a baya: fushin ya sauka kan kansiloli, kuma a biranen da aka fi yanka yawancinsu 'yan Labour ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Wanda ya biya farashi a 2015 shi ne Clegg. Ya nemi afuwa kan kuɗin jami'a tun 2012, ba a yafe ba. Jam'iyyarsa ta faɗo daga kujera 57 zuwa 8.

Ke nan fushin ya bi ruwa?

Bai bi ba, hanya ya sauya. A Satumban 2015 'yan Labour suka zaɓi Jeremy Corbyn shugaban jam'iyya, wanda babu mai ba shi dama, saboda shi ne ya fito fili ya ce bai yarda da tsuke bakin aljihu ba. A Maris 2016 Duncan Smith da kansa ya ajiye aiki, yana cewa yankan da ake shirin yi wa masu naƙasa ya wuce gona da iri. Wata uku bayan haka aka yi ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai, kuma garuruwa da dama da aka fi matsa sun zaɓi fita. Wani masanin tattalin arziki, Thiemo Fetzer, ya bi alƙaluma ya nuna cewa yankunan da yanke tallafi ya fi shafa sun fi karkata ga jam'iyyar UKIP mai neman ficewa. A 2017 Firaminista Theresa May, wadda ta gaji Cameron, ta rasa rinjayenta a majalisa, a Oktoban 2018 kuma ta ce tsuke bakin aljihu ya zo ƙarshe. Wata guda bayan nan wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan talauci, Philip Alston, ya zagaya ƙasar ya ce mutum miliyan 14 na cikin talauci, kuma siyasa ce ta zaɓi hakan. Gwamnati ta yi watsi da rahotonsa.

Me ya hana kansiloli su ce ba za su yanke ba?

Doka ta wajabta musu daidaita kasafi kowace shekara, kuma an taɓa gwadawa. A zamanin Margaret Thatcher kansilolin Liverpool da Lambeth sun yi taurin kai, aka ci su tara daga aljihunsu, aka kuma hana su riƙe muƙami na shekara biyar. Gani ga wane ya ishi wane.

Da gaske ne ƙaramar hukuma na iya tsiyacewa?

Ba a rufe ta kamar kanti, amma babban jami'in kuɗinta na iya fitar da sanarwar da ake kira sashe na 114, wadda ke nufin kuɗin da ke shigowa ba zai biya abin da ke fita ba. Daga ranar an dakatar da duk sabon kashe kuɗi sai na dole. Northamptonshire, wadda ke hannun Conservative, ita ta fara a wannan zagaye, a Fabrairun 2018, daga baya ma aka rushe ta. Croydon, Slough, Thurrock, Woking da Nottingham suka biyo baya. Gaskiya ba duka laifin Landan ba ne. Wasu sun ciyo bashi sun zuba a gine-gine da harkokin kasuwanci don cike giɓi, aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago.

Birmingham, mai mutum sama da miliyan ɗaya, ta yi nata a Satumban 2023, bayan bashin da ya kai fam miliyan 760 na ƙarar da mata ma'aikata suka shigar kan bambancin albashi, ga kuma sabon tsarin kwamfuta da ya lashe kuɗi bai yi aiki ba. Aka ƙara harajin gida da kusan kashi 10 a 2024. A Maris 2025 masu kwashe shara suka tsunduma yajin aiki, baƙaƙen ledoji suka yi tsibi a bakin tituna, ɓeraye suka samu gari.

Mene ne wannan rumbun abincin sadaka da ake yawan ambata?

Yawanci zauren coci ne, ko masallaci, ko ɗakin taron unguwa. Likita, malamin makaranta ko jami'in walwala ne ke ba mutum takardar shaida, ya kai, a haɗa masa abincin kwana uku: taliya, shinkafa, waken gwangwani, madara, shayi. 'Yan sa-kai kan tambaya a hankali ko akwai wutar girki a gida, domin wanda kuɗin mitarsa ya ƙare sai a zaɓo masa abin da ake ci ba dahuwa. Ƙungiyar Trussell Trust ta raba irin wannan ƙunshi kusan 61,000 a shekarar 2010 zuwa 2011. Bayan shekara huɗu ya haura miliyan ɗaya, a 2023 zuwa 2024 kuma ya wuce miliyan uku.

To an biya bashin kuwa?

Giɓin shekara-shekara ya ragu ƙwarai, ya sauko zuwa kusan kashi 2 kafin annobar korona, kuma masu kare shirin da wannan suke kafa hujja, tare da yawan ayyukan yi da aka samu. Amma Osborne ya yi alkawarin rufe giɓin cikin wa'adi ɗaya, bai cika ba. Jimillar bashin ƙasa kuwa ƙaruwa ta yi, daga kusan fam tiriliyan ɗaya zuwa kusan 1.8 a 2019.

Akwai ta inda abin ya shafe mu?

Ta hanya biyu. Ɗalibanmu da masu bizar aiki ba su da haƙƙin karɓar tallafin gwamnati, an rubuta haka a sharuɗɗan bizarsu, don haka yanke tallafi bai taɓa aljihunsu kai tsaye ba. Amma masu aiki suna biyan harajin gida, kuma da yawa daga 'yan Najeriya da suka tafi a 'yan shekarun nan aikin kula da tsofaffi suke yi, ɓangaren da ƙarancin kuɗin ƙananan hukumomi ya danne albashinsa. Na biyu, kuɗin agaji da aka kare a 2010 bai tsira har abada ba. An sauke shi daga kashi 0.7 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5 a 2021, a 2025 kuma aka sanar zai koma 0.3. Daga wannan asusun ne aka daɗe ana tallafa wa shirye-shiryen lafiya da ilimi a Kano, Kaduna da Jigawa.

Da Labour ta dawo mulki a 2024, an daina?

Ba nan take ba. Makonni kaɗan da hawansa Firaminista Keir Starmer ya dakatar da 'yan majalisarsa bakwai saboda sun zaɓi a soke dokar 'ya'ya biyu, ministar kuɗi Rachel Reeves kuma ta cire wa tsofaffi kusan miliyan goma kuɗin ɗumama gida na hunturu. Wannan karon dai masu zaɓe ne aka taɓa, aka yi ca a kan gwamnati, kafin shekara ta zagayo ta janye. Yunƙurin rage tallafin masu naƙasa a 2025 shi ma 'yan jam'iyyar da kansu suka taka masa birki. A kasafin Nuwamban 2025 Reeves ta sanar za a soke dokar 'ya'ya biyu daga Afrilun 2026, shekara tara cif bayan fara ta.